Manej ɗin da ya gaji: a sauke shi, a yanka shi, a ajiye mana guntu

Kashegarin Sallah a Yamai, tun kafin la'asar, hanyoyin da ke zuwa Muze, wato Gidan Tarihi na Ƙasa, da sauran wuraren shaƙatawa sun cika da yara cikin sabbin kaya, kowane da kuɗin barka da sallarsa dunƙule a hannu. Duk inda aka kafa manej, wato lilon yara mai inji, layi ne har bakin ƙofa. Injin da ba ya wuce zagaye ashirin ranar Talata, ran nan juyi yake tun hantsi har bayan isha'i, kujeru cike, mai tsaron ƙofa yana ta ba iyaye haƙuri. In kuma ka zagaya bayan irin waɗannan wurare, sau da yawa za ka tarar da wani manej ɗin jingine da katanga. Fenti ya ɓare, an cire injinsa an sa wa wani, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsa, yaran unguwa suna hawansa da yamma ba mai kallonsu.

Mai juyawar da wanda aka jingine maganarsu ɗaya ce. Kowane lilo mai inji yana da ranar da zai gama aiki, kuma wurin da bai san yadda ake sauke tsohon lilo ba, da wuya ya iya kula da mai aiki. Ra'ayina shi ne hukumar birni ta haɗa abu biyun a ƙa'ida guda: littafin kula ga wanda ke ɗaukar yara, takardar sauka ga wanda ya gaji. Wanda aka sauke a yanka shi yadda ba wanda zai sake ɗora masa ɗan kowa, sannan a ɗebi guntu mai ma'ana a adana. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na tsakiya, lilon da bai mutu ba bai yi rai ba, wanda ake jira mai saye ya zo.

Mu ɗauki jirgin tudu da gangara, wanda Faransawa ke kira montagnes russes. Irin da ke isowa ƙasashenmu galibi ƙanana ne, masu kan tsutsa ko kan dodo, amma ƙa'idarsu ɗaya da manyan na Amurka da Jamus. Mafi yawansu taragon ba shi da inji. Sarƙa ko tayoyin roba ke jan shi zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan nauyinsa ke tafiyar da shi har ya dawo tasha. Tayoyi iri uku ne ke riƙe shi a kan dogo: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana shi zamewa a kwana, da na ƙasa masu rungumar dogon don kada tarago ya ɗaga. Wani injiniya ɗan Amurka, John Miller, shi ya yi rajistar wannan taya ta ƙasa a 1919. Ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji lokacin hawan tudu kuwa, wani haƙorin ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago yake faɗawa cikin jerin haƙora, in sarƙa ta tsinke shi ke hana jirgin komawa da baya. Jirgin da aka saba jin ƙararsa in ya hau tudu shiru, a tsayar da shi nan take. A wurin wasa na Battersea a Landan, ranar 30 ga Mayu 1972, igiyar jan jirgi ta tsinke, abin hana komawa baya bai kama ba, yara biyar suka rasu.

Waɗannan injuna an ƙera su ne da lissafin yanayin wasu ƙasashe, littafin da ke zuwa da su bai san hunturun Yamai ba. Ƙurar hunturu in ta haɗu da giris sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin rulma, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa, da haƙoran sarƙa a hankali. Saboda haka abin da littafi ya ce a yi kowane wata, a nan daga Disamba zuwa Fabrairu kowane mako ya kamata a yi shi. Kuma ba a ƙara sabon giris a kan tsoho mai ƙasa. A goge bakin wurin, a tura sabo har tsohon ya fito ta gefe, a share abin da ya fito. Kada a gauraya giris iri biyu, domin wasu in sun haɗu tsinkewa suke su zube. Sarƙa mai take so, wanda zai ratsa cikin gaɓoɓinta. Giris mai kauri a bayanta ƙura kawai yake kama wa.

Bazara da nata. A Afirilu da Mayu zafin inuwa yana wuce digiri 40, ƙarfen da ke rana ya fi haka nesa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: dogo mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 tsakanin asuba da azahar, tsawonsa yana ƙaruwa da wajen milimita 36. Wannan miƙewa da komawa kullum ita ke kwance bulon a mahaɗa. Robar da ke jikin taya kuma zafi na raba ta da ƙarfen cikinta, sai ka ga ta kumbura ko ta fara ɓarewa a gefe. Rana tana cin igiyoyin ɗamara har su yi fari su riƙa zubar da gari in an murza su, irin wannan ɗamara ta gama aiki ko da ba ta tsinke ba.

Mutane suna ganin tun da ƙasarmu busasshiya ce tsatsa ba ta da ƙarfi a nan. Ƙarfen da ke fili yana bushewa da wuri, gaskiya ne. Matsalar tana cikin bututu. Ginshiƙai da hannuwan manej bututu ne masu rami, kowanne da ƴar ƙofar da aka huda a ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. Zanzaro yana son waɗannan ƙofofi, ya toshe su da laka ya yi gida. Mai fenti ma yakan rufe su bai sani ba. Ruwan damina ya shiga ta sama, ya rasa mafita, ya zauna wata uku yana cin ƙarfen daga ciki, waje kuwa fenti yana ta ƙyalli. A bikin baje kolin jihar Ohayo ta Amurka, ranar 26 ga Yuli 2017, hannun wani lilo ya karye a sama, saurayi ɗaya ya rasu, mutum bakwai suka ji rauni. Lilon ya shekara 18, an kuma duba shi a ranar an ce lafiya lau. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce tsatsa ce ta cinye kaurin bututun daga ciki. Abin yi ba wuya gare shi: kafin damina da bayanta a bi kowace ƙofa da waya a buɗe ta, a ƙwanƙwasa gindin kowane ginshiƙi da ƙaramar guduma a saurari amo, inda amon ya mutu a sa alama. Sau ɗaya a shekara a kawo na'urar auna kaurin ƙarfe, wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, a auna wurare iri ɗaya kowace shekara, a rubuta. In lambar bana ta kasa ta bara, an ga abin da ido ba ya gani.

Akwai kuma gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya san ta. Sandar da taya ke juyawa a kanta tana shan irin wannan lanƙwasa dubbai a yini, tsagar tana farawa siririya kamar gashi a gefen walda ko a gindin zaren bulon. A Osaka ta Japan, ranar 5 ga Mayu 2007, wadda ita ce ranar bikin yara a can, sandar tayar wani jirgi ta karye, wata budurwa mai shekara 19 ta rasu. Bincike ya nuna shekara 15 ba a canza sandar ba.

Ana iya ganin irin wannan tsaga kafin ta kashe, da gwangwani uku na feshi: na wanki, da mai jan ruwa, da mai fari. A cire fentin wurin da maganin cire fenti ko burushin waya, kada a sa injin gurza, don yana shafe bakin tsagar ya rufe ta. A wanke da gwangwanin farko, a bari ya bushe. A fesa jan, a bar shi minti 10 zuwa 20 ya ratsa. A goge da tsumman da aka ɗan jiƙa da ruwan wankin, ba a fesa shi kai tsaye a wurin, in ba haka ba zai wanke jan da ya shiga tsagar. Sai a fesa farin, siriri, a tsaya a zuba ido. Cikin minti goma, in akwai tsaga, za ka ga jan zare yana fitowa a kan farin kamar jini a farar riga, yana ƙara kauri. A Yamai wannan aikin na sassafe ne. Da rana ƙarfen yana wuce digiri 50, jan ya bushe kafin ya shiga ko'ina, a tashi da farin wuri tsaf a ce babu komai. Duk shekara, bayan Babbar Sallah in kasuwa ta lafa, a kwance taragu gaba ɗaya a yi wa sandunan taya, da mahaɗar taragu, da gindin ƙarfen da ke danne cinyar yaro wannan gwaji.

Duban kowace safiya kuwa bai fi awa guda ba ga ƙaramin jirgi. Kowane bulon da aka ɗaure da sifana mai awo, a ja masa layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe. Da safe mai duba yana tafe yana kallon layukan, wanda ya rabu biyu notinsa ya motsa. A kama kowace taya a girgiza. A ja kowane ƙarfen danne cinya da ƙarfi, kujera bayan kujera, ba a tsallake ko ɗaya. A saki jirgin ba kowa sau uku, a riƙe agogo: in zagayen da ya saba daƙiƙa 50 ya koma 56, wani abu yana riƙe shi. Da ya tsaya a taɓa cibiyar kowace taya, wadda ta fi ƴan'uwanta zafi rulmanta ya kusa tafiya. Bulon ɗin da aka canza kuma a duba lambar da ke kansa. In na asali 8.8 ne ko 10.9, wanda ba shi da lamba ba ya maye gurbinsa, ko da girmansu ɗaya.

Maganar kayan gyara ita ce ta fi zafi a wurinmu. Yawancin injunan kwance ne, sun yi rayuwa a wata ƙasa kafin su shigo kwantena, wani lokaci kamfanin da ya ƙera su ma ya rufe. Masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe na Yamai gwanaye ne, wanda ya shiga kasuwar Katako ya ga abin da ake fitarwa daga tsohon ƙarfe ba zai musa ba. Shinge, matakala, rumfa, murfin sarƙa, kujerar jira, duk a ba su. Amma sandar taya, da mahaɗar taragu, da makullin ƙarfen danne cinya, da hannun da ke ɗauke da kujeru, waɗannan ba a kwaikwayonsu da ido. Irin ƙarfen, da yadda aka gasa shi, da yadda waldar ta ratsa, ba a ganinsu a siffa. Ko a Suwidin abin ya ci mutane: a Stockholm, ranar 25 ga Yuni 2023, wani jirgi ya goce daga dogo, mutum ɗaya ya rasu, tara suka ji rauni, hukumar bincike ta gano cewa ƙarfen da ya karye sabon yi ne da aka sa a madadin na asali, waldarsa ba ta kai ƙarfin da ake bukata ba, ba a kuma gwada shi yadda ya kamata ba. Tsagar da aka gani a irin waɗannan sassa ba a bin ta da walda a shafa fenti. A canza sashen, in babu shi lilon ya tsaya.

Sai wuta. Yaro yana riƙe da ƙarfe, ƙafarsa a kan ƙarfe, wani lokaci ƙasa jiƙe take. Kowane lilo yana bukatar wayar ƙasa da aka binne sandarta da kyau, da na'urar yanke wuta mai jin yoyo na miliampiya 30, a danna maɓallin gwajinta kowace safiya. A rani ƙasa tana bushewa har sandar ta rage aiki, a riƙa auna ta, a riƙa jiƙa wurin. Injin da aka ƙera don wutar Amurka mai bugu 60 in aka sa masa tamu mai 50, gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, sai a duba allon jikinsa kafin a saya. Kuma tun da ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce, dole a san abin da lilo zai yi in ta ɗauke yana cike. Birkin kirki a rufe yake zama, iska ko wuta ce ke buɗe shi, saboda haka in wuta ta tafi kama jirgin yake. A gwada wannan da gangan, a kashe wuta jirgi yana tafe ba kowa. A kuma gwada sauko da mutane daga kan tudu da manya kafin a bukace shi da yara, a san ina tsani yake, wa zai hau, wa zai riƙe. Gidajen roba da ake hura wa iska ma suna cikin wannan lissafi: ƙa'idar Turai ta ce a sauke su in iska ta kai kilomita 38 a awa, iskar da ke gaban hadarin Yuni a Yamai kuwa ba ta sallama. Da an ga gabas ta yi ja, a fitar da yara.

Duk wannan ba ya aiki in makaniki ba shi da ikon cewa a tsaya. Ranar Sallah, layi ya kai titi, ya zo ya ce, “Alhaji, tayar baya tana zafi, a ba ni awa biyu.” Amsar da aka saba ji ita ce, “Haba Malam, ai jiya ma ta yi aiki, a lallaɓa zuwa dare.” Mai wurin ba mugu ba ne, cinikin kwana uku ne zai biya bashin wata shida. Shi ya sa bai kamata a bar hukuncin a hannunsa shi kaɗai ba. A wurin wasa na Alton Towers a Ingila, a Yunin 2015, kwamfuta ta tsayar da jirgi domin akwai wani tarago da ya maƙale a gaba, ma'aikata suka ɗauka kuskure ne suka sake shi da hannu, ya je ya yi karo da taragon. Ƴan mata biyu sun rasa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma an kuma koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Faransa ta kafa dokar tsaron manej ranar 13 ga Fabrairu 2008, wadda ta wajabta wani mai duba daga waje ya riƙa bincikar su. Mu ma abin da muke bukata bai fi ƙarfinmu ba. Kowane lilo ya sami lamba a ma'aikatar magajin gari da littafi mai shafuka masu lamba, wanda ke bin sa duk inda aka kai shi: shekarar ƙira, inda ya yi aiki a da, abin da aka canza da ranar, awon kaurin ƙarfe, sa hannun mai duban safe. Sau ɗaya a shekara wani wanda ba mai wurin ke biyansa albashi ba ya zo ya duba. Akwai injiniyoyi a EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu ta Yamai, da makarantun koyon sana'a da za a iya horarwa, akwai ƴan kwana-kwana don gwajin sauko da mutane. Takardar duban a liƙa ta a bakin ƙofa inda uwa za ta gan ta kafin ta biya. Kuɗin kuwa daga tikiti zai fito: a ce hawa dala ɗari ne, a ware dala goma a asusun da ba a taɓawa sai don kayan gyara da ranar sauka.

Ranar saukar tana zuwa in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: kaurin ginshiƙai ya sauka ƙasa da abin da maƙerin ya yarda, ko tsaga tana dawowa wuri ɗaya bayan gyara, ko sashen da rai ya rataya a kansa ya ƙare a duniya. A nan ne ake yin abin da ya fi damuna. Maimakon a sauke lilon, sai a yi masa sabon fenti a sayar wa wani, ya ɗora a mota ya nufi wani gari ko kasuwar ƙauye, inda babu mai duba, asibiti kuma da nisa. Ɗan Yamai ya tsira, ɗan ƙauye ya gaji haɗarin. Sayar da lilo mai lafiya ba laifi ba ne, in littafinsa ya bi shi. A Amurka an taɓa kwance wani jirgin katako da aka gina a 1947 a San Antonio, aka sa wa kowane katako lamba, aka kai shi jihar Pensilbaniya aka sake kafa shi, ya buɗe a 1985 da sunan Phoenix, har yau yana aiki. Amma wanda aka yanke wa hukuncin sauka, a sa masa wutar gas a gaban wakilin hukuma: a yanka sandunan taya, a yanka babban ginshiƙin tsakiya, a raba dogo gunduwa-gunduwa, a soke lambarsa a rajista. Ragowar ta tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe a kan kilo, mai shi ya karɓi kuɗinsa.

Kafin wutar ta taɓa shi, a zaɓi abin da za a ajiye. Na san za a ce ƙasar da ke fama da abinci da tsaro ina ta ga ta adana tarkacen lilo. Ai Yamai ta riga ta yi irin wannan tun tuni. Iccen Tenere, wanda ayari suka daɗe suna gane hanya da shi, mota ta buge shi a 1973. Ba a bar shi ya zama makamashi ba. An ɗauko gangar jikinsa aka kawo Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, aka yi masa rumfa, aka kafa icce na ƙarfe a gurbinsa can cikin hamada. Busasshen icce ne, amma yara nawa suka tsaya gabansa aka ba su labarin ayari da rijiya? Manej ɗin da ya shekara ashirin yana ɗaukar yaran birni duk Sallah yana cikin tarihin birnin. Waɗanda suka hau shi suna ƴan shekara bakwai yau su ne iyaye. Guntun da aka ajiye kuma shaida ce cewa an sauke lilon da gaske, bai koma wani gari da sabon fenti ba. Ga kuma ɗaliban walda da kanikanci: taya mai hawa uku da sandar da ta tsage, a hannu, sun fi zane a allo koyarwa.

Wasu ƙasashe sun gwada hanyoyin duka. A Alton Towers ɗin nan, da aka sauke jirgin Corkscrew a 2008 bayan ya yi aiki tun 1980, an ɗauki murɗaɗɗen sashen dogonsa aka kafa a bakin ƙofar shiga. A Coney Island, unguwar wuraren wasa ta birnin New York, hasumiyar da ake sauko da mutane da lema daga kanta, mai tsayin mita 76, wadda aka gina don baje kolin duniya na 1939, ta daina aiki tun shekarun 1960, amma an gyara ta, an yi mata fenti da fitilu, tana tsaye. A garin Plainview na jihar Texas akwai gidan ajiya na musamman da ke tara tsoffin taragu da alluna da zane-zanen ƙira. A Coney Island ɗin dai, wani jirgi mai suna Thunderbolt da aka gina a 1925 ya tsaya a 1982, aka bar shi shekara 18 ciyawa da tsatsa suna cinsa, aka rushe shi a 2000. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama da abin da ke bayan katangunmu.

Ba duka ake ajiyewa ba, wanda ya ce zai ajiye duka ƙarshenta ba ya ajiye komai. Daga jirgi a ɗauki taragon gaba, da dogo mita uku zuwa huɗu, gara sashen kwana domin shi ke nuna aikin tayoyin gefe, da taya ɗaya cikakkiya da haƙorin hana komawa baya, da gaɓa goma na sarƙa, da allon maɓallai. Daga manej a ɗauki doki ɗaya ko mota ɗaya da kambun sama. Ƙaramin allon ƙarfe mai sunan maƙeri da shekara da lamba shi ne farkon abin cirewa, don shi ke fara ɓata. Sashen da ya jawo saukar, mai tsagar ko mai tsatsar, a yanko shi a tsaga shi biyu a ga cikinsa, a shafa masa man kariya marar launi, kada a yi masa fenti. Kafin kwancewa a ɗauki hoto ta kowane gefe da bidiyon zagaye na ƙarshe ba kowa a ciki.

Guntun da zai zauna a fili aiki ne da shi. A zubar da mai da giris duka, a cire wayoyi da batir. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, saboda haka mai kankarewa ya rufe hanci da baki, a jiƙa wurin, a shimfiɗa leda a tattara garin, yara su yi nisa. A kankare har farin ƙarfe, a sa fentin farko mai sinadarin zinki a ranar, kafin tsatsa ta sake kamawa, sai epoksi a tsakiya, sai poliyuretan a sama, domin epoksi shi kaɗai rana tana mayar da shi gari. Lokacin wannan aiki Oktoba ne zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. A zuba dandamalin kankare mai tsayin santimita 30 zuwa 40, samansa da ɗan gangare don ruwa ya wuce, a ɗaure dogon da bulon a jikinsa, kada a binne ƙarfe cikin ƙasa. A huda ƙofar tsiyaya a ƙasan kowane bututu a sa mata raga saboda zanzaro. Tayoyin a yi musu walda da dogo, ƙarfen danne cinya a kafe shi a buɗe, a goge duk baki mai kaifi, a toshe duk ramin da yatsa ko kan yaro zai shiga. Yara za su hau, ko an hana, don haka a gina shi da sanin za a hau: ƙasa-ƙasa, da yashi kewaye, da rumfar kwano a sama, don ƙarfen da ke rana a Afirilu yana ƙona tafin hannu. Dokin fiba da duk abin katako su shiga ƙarƙashin rufi, a kan ƙafafun ƙarfe, nesa da gara.

Takardu kuwa, littafin maƙeri, da littafin kula, da tsoffin tikiti, da hotunan Sallah da iyalai za su yarda su bayar, a ɗauki hotonsu a kwamfuta, na asalin a sa a akwatin ƙarfe a miƙa wa gidan tarihi ko ma'ajiyar birni. A jikin dandamalin a kafa ƙaramin allo da Hausa da Zabarmanci da Faransanci: sunan da yara ke kiran lilon da shi, ƙasar da aka ƙera shi, shekarar da ya zo Yamai, shekarar da ya sauka, da dalilin saukar a fili, in tsatsa ce a ce tsatsa. A rubuta sunan ofishin da ke da alhakin kula da shi, a sa masa layi a kasafin shekara: wanki bayan hunturu, buɗe ƙofofin tsiyaya kafin damina, taɓa fenti duk inda ya ɓare, da sabon fenti gaba ɗaya in na saman ya fara yin gari a hannu.